Maganin da Kike Zubarwa a Gindin Zogale

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Wannan takarda ta fito daga hannun wadda ta haife ki, a nan Maska, zuwa gare ki 'Yar Goggo, ke da za ki kama hanyar Dayi gobe da goyo a bayanki. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida jikana, ɗan maigidana mai ƙaton baki, wanda ya hana kowa sakat a gidan nan wata guda cur. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na rafi da na mutum, Ya sa jakin da zai ɗauke ki ya kasance mai hankali. Amin.

Bayan haka, kada ki yi mamaki don kin tsinci takarda a cikin kayanki, alhali gida ɗaya muke kwana muke tashi. Kin san ke 'yar fari ce. Tun da aka haife ki bakina bai taɓa kama sunanki ba, ban taɓa zama na dube ki ido cikin ido a gaban mutane ba. In zan ba ki abinci, sai in ce wa bango, "Ga tuwo nan in da mai ci." Haka muka tarar, haka na yi. To amma abin da ke cina yanzu ya fi ƙarfin a faɗa wa bango. Shi ya sa na buɗe gafakar marigayi kakanki Malam, na zaro ragowar takardunsa, na jiƙa tawada. Shi ya koya mini rubutu, ke ma a gabansa kika yi allo, don haka kada ki ce ba ki gane ba.

Na ga inda kike zubar da maganin.

Eh, na gani. A gindin zogalen nan na bayan ɗakina. Ke a tunaninki wayo kike yi: ki karɓi ludayi, ki juya baya kamar mai kunyar a ga tana sha, ki zagaya, ki dawo kina yamutsa fuska kina goge baki. Har da ɗan tofar da yawu, don a ce ɗaci ya kai miki karo! Kaji ne suka tona miki asiri. Kullum hantsi sai in ga sun taru a wurin suna tono, na je na duba, ƙasa ta yi baƙi ƙirin tana warin sassaƙe. Yau kwana shida ke nan ina ƙirgawa. Zogale dai ya sha magani ya ƙoshi, in ƙafarsa ta kumbura ne to ta saɓe. Ke kuwa jiya da kika cire takalmi na ga shatinsa kwance a bayan ƙafarki. Wallahi raina ya ɓaci, har tuwon da nake tuƙawa ya yi gudaji.

Kuma na ji abin da kika faɗa wa Goggonki da ta zo shekaranjiya. Ina gurzar auduga a bakin ƙofa, kun ɗauka hankalina ba ya kanku. Kika ce, "Ni fa Goggo na warke. Maganin nan ba abin da yake yi mini sai zarya zuwa makewayi. In na koma Dayi haka zan yi ta sintiri a gaban surukai?" Ita kuma ta ce, "Ai kin ma yi ƙoƙari, 'yar nan." Kin yi ƙoƙari! Na ji kamar in jefe ku da magurji ku duka biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ko wautar ma ba taki ba ce. Tawa ce kika gada, baƙi da wasali. Duk abin da kika faɗa na faɗe shi da bakina kafin ki san hannun damanki. To zauna ki karanta, ki ji inda ya kai ni.

Lokacin da na haife ki, an yi mini duk abin da ake yi wa mai jego. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a fyaɗa mini shi da ganyen runhu har fatata ta yi ja. A hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa in kwanta ina gasuwa. Kunun kanwa kuwa, ƙwarya guda da safe, ƙwarya guda da la'asar, an zabga masa kanwa har yana dukan harshe. Na yi arba'in, na koma ɗakin babanki. Ba a rufa mako uku ba ƙafafuna suka fara cika, fuskata ta yi suntum. Matan gida suka yi ta murna, wai jego ya karɓe ni, na yi ƙiba. Ni ma har wani rangwaɗa nake. Sai munduwata ta daina juyawa a hannu. Sai na ga in na ɗauko tulu daga rijiya sai na tsaya sau uku ina haki. Sai daka ya gagare ni. Daga nan sai tari, sai kwanciya ta gagara, sai dai in jingina da bango a zaune. Kin san duk wannan, tunda kin ɗanɗana shi watan jiya.

Babanki ne ya tafi ruga ya zo da Inna Jumma, wannan Bafulatanar dai da ta duba ki, lokacin ba ta fara dogara sanda ba. Ta danna ƙwaurina da babban yatsa, ta ɗaga, wurin ya zauna a loɓe kamar an danna curin fura. Ta kara kunnenta a ƙirjina ta daɗe. Sannan ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, yarinya. Ruwa ne ya taru, zuciya ta gaji da ɗaukarsa. Kanwa nawa kike sha?" Da aka gaya mata sai ta riƙe haɓa. Ta ce, "Mu da muke ba shanu kanwa mun san aikinta. Saniya ta lasa, rafi za ta nufa. Ku kuma kun ɗura wa mutum ita, kun gasa shi a kan wuta." Ta kwance ƙunshin saiwa da sassaƙe, ta nuna yadda za a dafa. Ta ciro wani ɗan ƙaramin ludayi ta ba ni, ta ce, "Cikin wannan guda ɗaya, kullum bayan sallar asuba. Ba biyu ba, ba rabi ba. Ranar da kika ji daɗi ki sha, ranar da ba ki ji ba ki sha. Kanwa kuwa kun rabu, gishiri ma sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Magana ce wadda ko ɗan yaye zai riƙe. Amma ni, 'yar malam guda, mai karatu da rubutu, na kasa.

Na sha kwana goma. Ruwa ya yi ta fita, ƙafa ta saɓe, munduwa ta koma tana juyawa, na kwanta a bayana na yi barci har da minshari. Sai na ce to, ai aiki ya ƙare. Wa ke shan magani yana lafiya? Ga shi da ɗaci kamar maɗaci. Na tura tukunyar bayan randa, na ɗauki taɓarya. Kwana takwas tsakani sai ga ƙafa ta dawo, har ta fi da. Inna Jumma ta zo da tallan nono, ta dube ni tun daga zaure ta ce, "Kin daina." Na ce, "Ai na warke ne, Inna." Ta ce, "Wa ya gaya miki? Kin ga mai yashe rijiya ya bar kwasa don ya ga ƙasa sau ɗaya? Ruwan yana nan yana tsattsafowa."

To ki ji da kyau. Sauƙin nan da kike ji kike wa Goggonki alfahari da shi, ba naki ba ne, na maganin ne. Kwanakin da kika sha ne suke riƙe da ke har yau, kuma sun kusa ƙarewa. Wannan ciwo ba ƙurji ba ne da zai fashe ya bushe a manta. Kada ki tambayi jikinki ko yana son magani, jiki maƙaryaci ne, sai ya kai ki tsakiyar daji sannan ya gaya miki gaskiya. Ki tambayi asuba kawai. In ta yi, ki sha.

Yanzu ga zancen zaryar da kike tsoro. A nan ne na yi babbar wautata, kuma har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Kin san gidan kakanninki na wajen uba kafin a sake masa fasali. Makewayin mata yana can ƙuryar gida, kuma ba hanyar zuwa sai ta gindin tsamiyar tsakar gida. A gindin tsamiyar nan kuwa surukina, Baba, yake shimfiɗa tabarmarsa tun fitowar rana yana tufkar igiyar rama har azahar. Ni kuwa matar ɗansa ce, sabuwa. Ba na wuce shi a tsaye. Sai in cire takalmi, in durƙusa har ƙasa, in ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa 'yar nan, an fito?" In wuce. In na dawo in sake durƙusawa. "Sannu da aiki, Baba." "Yauwa 'yar nan." Shi kuma maganin nan kin san halinsa, daga an sha, kafin rana ta take sai mutum ya zagaya sau biyar, sau shida. Ki lissafa durƙuso nawa ke nan, da kumburarriyar ƙafa, da haki, kuma kowa a gidan ya san inda na nufa.

Rannan a zuwa na biyar, na durƙusa ke nan sai Baba ya ajiye igiyarsa, ya dube ni da tausayi ya ce, "'Yar nan, lafiya kuwa? Ko cikin ne ya ɓaci? A jiƙa miki tsamiya?" Ya faɗa da ƙarfi, don kunnensa ya fara nauyi. Matan gida suna sussuka suka ji, wata ta ƙyalƙyale da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma ɗaki ban ko ƙarasa inda za ni ba, na rantse a raina ba zan ƙara ba.

Daga ranar sai na shiga dabara. Ranar kasuwa, in Baba ya tafi sayar da igiya, in sha. Ranar Juma'a, in ya tafi aski da wuri, in sha. Sauran kwanaki in ɗebo ludayi a gaban babanki, in zagaya bayan rumbu in tuttular. Kin ga ko wurin zubarwa ma kusan iri ɗaya muka zaɓa. Babanki yana ganin tukunya tana raguwa yana ta godiya ga Allah, yana mamakin abin da ya sa mace ke shan magani kullum amma tana ƙara cika.

Ki riƙe wannan a ranki, zan dawo kansa. Amma shawarata a nan gajeriya ce. Na sa babanki ya yi wa mijinki magana da ya zo ɗaukarki. Na ce ya kafa miki zana uku a bayan ɗakinki, ya haƙa rami, kafin ki kwana biyu a Dayi. Ya amsa, kuma na ga alamar yaro ne mai jin magana. In ya yi nawa, ki buɗe baki ki tuna masa. Kafin nan, ga tsohon kasko na sa miki a cikin kaya, kin san amfaninsa. A hanya ma haka. In kun tashi daga zango a Funtuwa, ki sha abinki, in ya matsa ki ki ce a tsayar da jaki. Sau goma ne ma a tsaya. Waɗanda za su raka ki mutane ne, su ma suna zagayawa, ba mala'iku ba ne.

Sai kanwa. Inna Jumma ta ce mun rabu, na ce to. Amma uwar mijina, Allah Ya ji ƙanta, mace ce mai son mutane, kuma a wurinta so shi ne kunun kanwa. Kullum la'asar da hannunta take damawa, ta kawo mini har ɗaki, ta zauna a bakin gado ta ce, "Shanye, 'yata. Mai goyo ba ta rabuwa da kanwa, in ba haka ba nono ya tsinke, sanyi ya shige ki. Mu da ita muka goyi tara." Na ce a hankali, "Inna, mai magani ta hana." Ta ce, "Wace? Mai tallan nonon nan? Ita ta san shanu, mu muka san mutane." To ki gaya mini, ya zan yi? Tsohuwa ta tsuguna a gaban murhu saboda ni, ta zauna tana kallon bakina. Na kafa kai na shanye. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ashe ina korar ruwa ta ƙofa sau biyu a mako, ina buɗe masa taga kullum.

Na san surukarki za ta yi miki haka, don ba ta ƙi ki ba. Kada ki yi mata gardama, kada kuma ki sha. Ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki ce, "Inna, uwata ce ta yi mini rantsuwa a kan kanwa." Ki ɗora laifin a kaina gaba ɗaya. Ta ce matan Maska ba su da ta ido, ta ce na cika iyayi, ta faɗi duk abin da ta ga dama, ina nan nesa ba zan ji ba. Ki roƙe ta ta dama miki na tsamiya, don hannunta ya samu abin yi. Nono kuwa hatsi ne ke kawo shi da ikon Allah. Ƙannenki biyu da na haifa daga baya ban sha kanwa ko ta lasa ba, ga su nan sun fi ƙofa tsawo.

A nan ma ina da laifi sabo, ba tsoho ba, gara in faɗa. Da kika zo haihuwa kika sauka gidan Goggonki, na san za ta yi miki wanka da kunu irin nasu. Na aika mata sau ɗaya cewa a sassauta kanwa. Ta aiko cewa ina ruwana da 'yarta. Sai na yi shiru, wai kada a ce na yi rashin kunya a kan 'yar fari. Na zauna ina kaɗi, ina jin ƙarar fyaɗa ruwa a raina, har ranar da aka kawo mini ke a kumbure kina numfashi sama-sama. Inna Jumma ce ta ce, "Ku kai ta wurin uwarta, ita ta san abin." Da ta shigo ta same ni, ba ta gaishe ni ba. Cewa ta yi, "Ke ma? Ke da kika sani?"

Bari in koma baya in ƙarasa miki. Da jikina ya ƙi daɗi sai masu dubiya suka yi ta zuwa, kuma kin san mutanenmu, ba mai zuwa dubiya hannu rabbana, kowa likitan kansa ne. Wannan ta ce sammu ne, ga turare. Waccan ta ce shawara ce, ga jiƙo. Wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙafar ruwan ya fita. Duk na karɓa, duk na gwada, don kada a ce na raina. Ɗakina ya cika da ƙulle-ƙulle har na rasa wanne ne wanne. Har wata maƙwabciyarmu da ƙafarta ta kumbura don ta taka ƙaya, na ɗebar mata rabin sassaƙen Inna Jumma, wai ni mai kirki. Ke dai in an kawo miki, ki ce Allah Ya saka da alheri, ki ajiye. Rubutun sha in malami ya ba ki, ki sha da bismilla, ba ya faɗa da magani. Amma duk wani jiƙo da ba daga hannun Inna Jumma ya fito ba, kada ya wuce leɓenki. Kuma naki naki ne, an auna shi da jikinki. Ko wa ya roƙa ki ce ya ƙare.

Ƙarshen abin, bikin ƙanwar babanki ya taso. Ina so in sa munduwata da zanena na saƙi in shiga cikin mata, ga ƙafa kamar turmi. Sai shaiɗan ya raɗa mini lissafi: kwana huɗu ban sha ba, to in haɗa na kwana huɗun in shanye lokaci ɗaya, ai an biya. Na ajiye ɗan ludayin, na ɗauko na miya, na cika shi sau biyu. Kafin azahar na zagaya har na daina ƙirga durƙuso. Sai jiri, sai amai, sai na ga tsamiya ta zama biyu, zuciyata tana bugawa tana tsallake. A gaban tabarmar Baba na faɗi, kina bayana.

Da na farfaɗo, uwar mijina ta riga ta fasa tukunyar maganin a bakin ƙofa, tana kuka tana cewa Bafulatana za ta kashe mata suruka. Ni kuwa na san gaskiya, na san ba laifin magani ba ne, amma na ja bakina na tsuke. In na faɗa, sai in faɗi zubarwar bayan rumbu, sai in faɗi dalili, sai sunan Baba ya fito. Na zaɓi a zagi matar da ta zo cetona. Aka hana ta shiga gidan. Ki kiyaye wannan: ranar da kika manta, ta wuce, kada ki rama. Gobe ki sha guda ɗaya kamar kullum. Kuma in wani abu ya same ki, ki faɗi ainihin abin da kika yi, ko da zai sa a yi miki dariya.

Wata guda na yi ba magani. Ruwan ya hau daga ƙafa zuwa cinya, zuwa ciki. Na koma ba na iya ɗaga ki. In an ɗora mini ke a ƙirji sai numfashi ya ɗauke, sai a janye ki kina ƙara. Sannan nono ya ƙafe, duk da kanwar da na sha saboda shi. Kina da wata huɗu. Kwana biyu kina tsotsar ruwan gero a tsumma, muryarki ta dushe. Goggonki, yayar babanki, tana goyon ɗanta a lokacin. Ta zo ta tsaya a kaina, ta kwance ki daga zanen da ke gefena, ta saɓa ki a kafaɗa. Ina kallo, ko hannu ban iya miƙawa ba.

An gaya miki cewa al'ada ce ta sa aka ba Goggo ke, don ke 'yar fari ce. Kowa haka yake faɗa, ni ma na bar shi a haka don ya rufa mini asiri. Ba al'ada ba ce. Al'ada sai an yaye take ɗauka. Ke ludayi ne ya raba mu, wanda na riƙa tuttularwa a bayan rumbu.

Babanki ne ya gaji, ya saɓa wa uwarsa, ya je ya durƙusa wa Inna Jumma ta dawo. Ta kori kowa daga ɗakin ta ce, "Yanzu gaya mini gaskiya, ko in tafi." Na faɗa mata duka, har durƙuson. Fita ta yi ta nufi gindin tsamiya, ta tsaya a kan Baba, ta faɗa masa da ƙarfi yadda zai ji. Ina jiyo su daga ɗaki. Can sai na ji muryar tsohon nan yana cewa, "Saboda ni? Yo da an gaya mini ai da na ɗauke tabarmata. Tabarma ce fa kawai!" A ranar ya naɗe ta ya koma zaure, bai ƙara zama a gindin tsamiyar nan ba har ya bar duniya.

Tabarma ce fa kawai. Shekara ashirin ke nan maganar nan tana yi mini amsa-kuwwa a kunne.

Na daɗe kafin in miƙe. Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya zo, sannan na iya ɗaukar tulu. Da kika shekara biyu aka yaye ki, Goggonki ta yi adalci, ta goyo ki ta kawo. Na share ɗaki, na dama fura da nono mai kyau, na ajiye kunya a gefe na miƙa hannu. Kika dube ni kamar kin ga dodo. Kika ƙanƙame wuyanta kina ihu, kina "Inna! Inna!", kuma ba ni kike nufi ba. Kwana uku aka gwada, ba ki ci ba, ba ki yi shiru ba. A na huɗu na ce a mayar da ke. Na tsaya a bakin zaure ina kallon ƙeyarki a bayan wata, kin yi luf, har kun sha kwana. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu. Mutane suka yi ta yabona, wai na cika mai kunya, ko kallon 'yar fari ba na yi.

Tun daga ranar da Inna Jumma ta dawo ban ƙara tsallake asuba ɗaya ba. Abin da kike gani ina kurɓa kullum kina yarinya in kin zo wuni, na ce miki maganin basir ne, shi ne wannan. Ɗacinsa bai ragu ba ko kaɗan, kada in yi miki ƙarya. Ni ce dai na gane akwai abin da ya fi shi ɗaci.

Yanzu ki duba cikin ƙunshin da wannan takarda take. Sassaƙen zai kai ki wata uku, kafin ya ƙare babanki zai aiko da wani ta hannun fatake masu zuwa Malumfashi, can kusa da ku. Abin da na naɗe a tsakiya ludayina ne, wanda aka ba ni kina jaririya. Bakinsa ya cinye, ya yi baƙi, kada ki raina shi. Ni na sa an yanko mini wani daidai shi. Kowace Juma'a ki danna ƙwaurinki da yatsa. In wurin ya loɓa, ko kika ga kwanciya tana neman gagararki, kada ki jira a ce jego ne ya karɓe ki. Ki aiko, ko da damina ce, ko rafi ya cika, zan zo.

Ɗazu da hantsi na ga ɗan maigidana yana tsotso, ya kama yatsanki ya riƙe, yana kallon fuskarki kamar ba wani abu a duniya sai ita. Watansa uku da kwanaki. Saura kaɗan ya kai inda kika kai aka ɗauke ki. A Dayi ma akwai mata masu goyo, masu kirki, waɗanda za su karɓe shi hannu biyu in kin kwanta. Za su riƙe shi da amana, ya yi ƙiba, ya yi wayo, ya kira wata Inna. Ni na san yadda wannan yake, ke ba ki sani ba, kuma ba na so ki sani.

Gobe in za ku tashi ba zan fito rakiya ba, kin san ba a yi. Zan tsaya a bayan danga ina gyaran auduga kamar ba abin da ya dame ni. Amma kafin a ɗaura wa jaki kaya, bayan sallar asuba, zan ajiye tukunya a bakin ƙofarki. Ki sha a nan tsakar gida, inda zan gani ta kafar zana. Ki bar zogale ya huta.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ki tarar da mutanen gidanki lafiya. Allah Ya ba ki numfashi mai tsawo, Ya saɓe miki ƙafa, Ya ƙarfafa zuciyar da ta gaji. Allah Ya raya yaron nan a bayanki, ba a bayan wata ba, ki yaye shi da hannunki, ya yi miki ƙiwuya a gaban baƙi ya ɓuya a zanenki. Allah Ya yafe mini abin da na yi da wanda na kasa yi. Amin, amin.

Kunya ta ci mini 'ya sau ɗaya, ba za ta ci sau biyu ba. Don haka ga shi na rubuta da hannuna, duk mai gani ya gani, ya ce na yi rashin ta ido.

Ramlatu. Ramlatu, 'yata. Ki sha maganinki.

Wassalam, daga uwarki.